Bututu mai kuka: a naɗe shi, a ƙara masa kauri, ko a raba shi da bango?

Wata masana'antar ruwan leda da na taɓa yi wa aiki tana da ɗakin famfo da ba a iya magana a cikinsa. In kana so ka gaya wa mutum wani abu, sai ka kama hannunsa ku fita waje. Mai wurin dattijo ne da ke tausayin ma'aikatansa, kuma ya riga ya kashe kuɗi kafin a kira ni. An naɗe duk bututan da audugar gilas mai kaurin inci ɗaya, an rufe da fallen alminiyam mai sheƙi. Aikin ya yi kyau a ido.

"Injiniya," in ji shi, "wallahi tun da aka sa musu rigar nan sai nake jin kamar gurnanin ƙaruwa ya yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kunnenka bai yi maka ƙarya ba."

Hanyoyin rage ƙarar bututu ba su wuce biyar ba: a ƙara kaurin ƙarfen, a liƙa masa abin da zai shanye jijjiga, a naɗe shi da riga, a raba shi da injin da bangon da yake jingine da su, ko a koma a gyara abin da ke haddasa ƙarar tun daga tushe. Kowacce tana aiki, amma ba a kan irin ƙara ɗaya ba. Wanda ya zaɓa bai san muryar bututunsa ba, siririya ce ko kakkaura, caca ya yi da kuɗinsa. Don haka sai mun fara da yadda bututu ke fitar da sauti.

Yadda ƙarfe ke miƙa wa iska jijjigarsa

Duk wanda ya yi firamare a ƙauye ya san ƙararrawar makaranta: guntun bututu ko ƙarfen taya da aka rataya a reshen darbejiya. In an buga shi yana rataye, ana ji har gonaki. In ka riƙe shi da hannu ka buga, sai ka ji "kwaf" kawai. In ka tsoma shi cikin randa ka buga, muryar za ta yi ƙasa ta mutu nan take. Duk ilmin da za mu tattauna yana cikin waɗannan gwaji uku.

Jikin bututu yana kaɗawa ta siga daban-daban. Akwai wadda yake kumbura yana motsewa gaba ɗaya kamar mai numfashi. Akwai wadda yake lanƙwasa gefe da gefe kamar sanda. Akwai wadda bakinsa ke zama kamar ƙwai, ya miƙe nan ya shige can. Ta farko ita ce ta fi tura iska, domin ko'ina turawa take a lokaci guda. Sauran kuwa, yayin da gefe ɗaya ke tura iska, ɗaya gefen janyo ta yake, sai iskar ta zagaye bututun ta cike gurbin ba tare da sauti mai yawa ya fita ba.

Ko iska za ta sami damar wannan zagayen ya dogara ne da tsawon zangon sautin, wato irin zangon da muka saba ji a rediyo. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin iska. Mai kaɗawa sau 290 a daƙiƙa, wato haz 290, zangonsa ya kai mita ɗaya da 'yan kai. Mai haz 3,000 kuwa santimita 11 ne kacal. Bututun inci 4 yana da faɗin milimita 114 daga waje, kewayensa kusan santimita 36. Sai zangon sautin ya gajarce ya zo daidai da wannan kewaye, wajen haz 1,000, kafin bututun ya fara fitar da sauti da ƙarfinsa. Ƙasa da haka raggo ne wajen kuka. Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai: in ka ji gurnani mai kauri a ɗakin da bututansa ƙanana ne, da wuya a ce jikin bututun ne ke yinsa. Wani abu mai faɗi ne ya karɓi jijjigar yake yi masa amshi.

Akwai wasu iyakoki biyu da injiniyoyi ke lissafawa. Ta farko ita ce kaɗawar zobe, inda igiyar jijjiga da ke gudu cikin ƙarfen, kusan mita 5,400 a daƙiƙa, take zagaye bututun daidai da zango ɗaya. Ga bututun inci 4 tana wajen haz 16,000, ga na inci 12 wajen 5,500, ga mai faɗin mita ɗaya kuwa wajen 1,700. Ƙasa da wannan iyaka lanƙwasar bututu tana ba shi tauri fiye da shimfiɗaɗɗen falle mai kauri iri ɗaya, shi ya sa sauti mai kauri ke wahalar fasowa daga cikin zagayayyen bututu. A kan iyakar kuwa jikin ya zama kamar ƙofa a buɗe. Ta biyu ita ce mahaɗar zango, inda igiyar lanƙwasa a jikin ƙarfe ke gudu daidai da sauti a iska. Lissafinta mai sauƙi ne ga baƙin ƙarfe: raba 12,000 da kaurinsa a milimita. Mai milimita 6 yana da ita a haz 2,000. Daga nan zuwa sama, kusan duk jijjigar da ke jikin ƙarfen tana samun hanyar zama ƙara.

Abu na ƙarshe da za a riƙe: dogon bututu ba kamar janareta ba ne. In ka ninka nisanka daga janareta a fili, ƙarar na raguwa da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Daga dogon bututu desibel 3 kawai take raguwa. Shi ya sa maƙwabta ke kuka da bututun da ya bi ta kan katanga fiye da injin da ke ciki.

Ƙara kauri

Wannan ce shawarar da mai walda zai fara ba ka, kuma ba ta rasa gaskiya. Ƙarfe mai nauyi ya fi wuyar girgizawa. Bututun inci 4 na aji 40 (lambar da ke nuna kaurin jikin bututu) yana da kaurin milimita 6.02 da nauyin kilo 16 a kowace mita. Na aji 80 kuwa milimita 8.56 ne, kilo 22. Ka ƙara kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfe, abin da za ka samu 'yan desibel ne, uku ko huɗu. Kunnen mutum sai an rage desibel 10 yake jin an raba ƙara biyu. Ga kuma wani abu: ƙarin kauri yana sauko da mahaɗar zango daga haz 2,000 zuwa wajen 1,400, wato ya faɗaɗa yankin da bututun ke fitar da sauti sosai.

Amfaninsa shi ne ba ya lalacewa, ba ya buƙatar kulawa, ruwan sama ba ya cutar da shi, ɓera ba ya cin sa. In kana kan zane ne tukuna, ba a sayi komai ba, sa mai kauri a 'yan mitocin da ke bin bayan bawul (mabuɗin da ke buɗe ko rufe hanyar bututu) mai rage matsi. In kuwa an riga an shimfiɗa bututu, cire shi don desibel uku asara ce.

A nan zan ja kunne game da ɗan'uwan wannan dabara, wato walda zobba ko haƙarƙarin ƙarfe a jikin bututu ko tanki don ya yi tauri. Jijjigar da hannu ke ji takan ragu, amma ƙarar na iya ƙaruwa. Wani masanin sauti, Gideon Maidanik, ya nuna dalilin tun 1962 a Amurka: a ƙasa da mahaɗar zango, tudu da kwarin jijjiga suna kashe sautin juna a tsakiyar falle, sai a gefuna ne ake samun ragowar da ba ta da abokin kashewa. Kowane haƙarƙari da ka walda sabon gefe ka ƙirƙira.

A gidajen sama ma maganar nauyi ce ke aiki. Bututun bayan gida na roba mai tauri yana sa a ji saukar ruwa a falon ƙasa, na zubin ƙarfe kuwa shiru, saboda ya ninka shi nauyi sosai. Kamfanoni irin su Geberit da Wavin suna yin na roba da aka cakuɗa da garin ma'adinai don ya yi nauyi, kuma ga mai ginin otal ko asibiti ya cancanci kuɗinsa.

Liƙa abin da ke shanye jijjiga

Wannan shi ne riƙe ƙararrawa da hannu. Baƙin ƙarfe kusan ba ya ɓatar da ƙarfin jijjiga da kansa, shi ya sa yake daɗewa yana amo. In aka liƙa masa abu mai danƙo, irin roba ko shimfiɗar kwalta, jijjigar takan koma ɗan zafi ta ɓace. Iri biyu ne. Akwai shafe kawai, wanda sai kaurinsa ya kai na ƙarfen ko ya ninka kafin ya yi tasiri. Akwai kuma na sanƙwame, inda ake sa siririyar roba tsakanin bututun da wani fallen ƙarfe a waje, ta yadda duk lanƙwasar da aka yi sai robar ta murzu. Wasu masana uku, Ross da Kerwin da Ungar, su ne suka fitar da lissafinsa a 1959, kuma ya fi na farko aiki da ƙarancin nauyi. A ƙa'ida, in ka ninka shanyewar sau 10, ƙarar amo takan sauka da desibel 10.

Amma sharaɗinsa babba ne: sai in ƙarfen amo yake yi da kansa. Gwajin ba ya cin ko sisi. Kashe injin, ƙwanƙwasa jikin da sifana. In ya yi "tinnn" ya daɗe, dabarar za ta yi aiki. In ya yi "dum" ya tsaya, an riga an sami shanyewa daga mahaɗai da ruwan ciki, ƙarin ba zai kawo komai ba. Saboda haka wurin da ta fi dacewa shi ne siraran bututan iska, mazurarin da shinkafa ko masara ke zubowa a injin casa, da gangar da ke raba ƙura da dusa. A can na ga ta yi abin mamaki. A kan kakkauran bututu cike da ruwa kuwa, ɓarnar kuɗi ce.

Sai batun zafi, wanda masu sayarwa ba sa faɗa sai an tambaya. Kowane irin danƙo yana da iyakar zafin da yake aiki a ciki. In ya yi sanyi ya ƙage, in ya yi zafi ya saki jiki, duka biyun ba ya shanye komai. Wanda aka yi don ɗaki mai digiri 20 ba zai yi maka aiki a kan bututun da ke kwance a ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba, inda iska kanta ke haura digiri 40, ƙarfen kuma ya fi ta zafi nesa ba kusa ba. Nemi takardar da ta nuna a wane zafi aka gwada shi.

Naɗewa da riga

A nan ne aka fi kashe kuɗi, a nan kuma aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai.

Rigar sauti hawa biyu ce: auduga mai laushi ta dutse ko ta gilas a ciki, sannan falle mai nauyi a waje. Mutane sukan zaci audugar ce ke tsotse ƙarar. A gaskiya babban aikinta shi ne ta raba fallen waje da bututun, kamar katifa. Fallen ne ke tare sauti da nauyinsa. To duk inda aka ɗora nauyi a kan abu mai lotsawa, an yi sifirin ke nan, kuma kowane sifirin yana da kaɗawar da yake so. A daidai wannan kaɗawa rigar ba ta rage komai, ƙarawa take. Ga kuma faɗin da ta ƙara wa bututun, wanda ya sa ya fi iya tura iska.

Ana kimanta wannan kaɗawa haka: ninka nauyin fallen a kowace murabba'in mita da kaurin audugar a mita, ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito (wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi), ka raba 60 da shi. Mu gwada da rigar dattijon nan. Alminiyam mai rabin milimita nauyinsa kilo 1.35 ne a murabba'in mita, audugar milimita 25. Lissafi ya ba da wajen haz 300 da ɗoriya. Na duba allon da ke jikin motar famfon: zagaye 2,900 a minti, kamar yadda aka saba a wutarmu mai haz 50. Muka buɗe famfon, farfelarsa fukafuki shida. Ninka 2,900 da 6 ka raba da 60, ka sami 290. Wato kowace daƙiƙa fukafukan suna bugun ruwa sau 290, kuma an ɗinka wa bututun rigar da ta fi son rawa a kusa da wannan adadi. Rigar hana zafi aka saya, ba ta sauti ba.

Ƙa'idar duniya ta ISO 15665, wadda aka fara fitarwa a 2003, ta raba rigunan sauti aji-aji. Ajin A auduga ce mai milimita 50 da falle mai kilo 4.5 a murabba'in mita. Ajin B milimita 100 da kilo 6. Ajin C milimita 100 da kilo 7.8, ko kilo 10 ga manyan bututai. In ka yi lissafin ɗazu, ajin A yana rawa a wajen haz 125, mai kilo 10 kuma a wajen 60. Ita kanta ƙa'idar ta amince cewa a haz 125 yawancin waɗannan riguna suna iya ƙara ƙarar da 'yan desibel. A sama kuwa labarin ya sha bamban: a haz 4,000 ko ajin A yana rage sama da desibel 20, ajin C ya doshi 40. Babu wata dabara cikin biyar ɗin da ke kusa da wannan a kan siririn sauti.

Ashe ke nan riga maganin shewa ce da tsuwwa: tururi da ke fita ta bawul, iskar kwamfaresa, gas mai gudu. Ba maganin gurnani ba ce, sai dai in an yi ta mai kauri da nauyi ƙwarai.

Ko an zaɓi ajin da ya dace, aikin hannu na iya rusa komai. In fallen waje ya taɓa bututun ko madogarinsa ko a wuri ɗaya ne, jijjiga ta sami gada. In an danne audugar da waya har ta yi tauri, katifar ta mutu. In an bar bawul da bakin haɗi tsirara saboda ana yawan kwance su, ƙarar ta nan za ta fito: barin kashi 10 cikin ɗari a buɗe yana nufin ba za ka taɓa wuce ragin desibel 10 ba, komai tsadar sauran. Kuma ƙarar bawul tana bin cikin bututu ta yi nisa sosai, saboda haka naɗe mita biyu na farko bai isa ba.

Abin da ya fi damuna da riga shi ne tsatsa. Ruwan damina in ya shiga ƙarƙashinta ba ya fita, sai ya zauna yana cin ƙarfen ba wanda ya gani. Masana'antar mai ta san wannan cuta sosai, kuma tana kama baƙin ƙarfe daga ƙasa da sifili har zuwa wajen digiri 175. Bututun tururi da ya ɓule a ɓoye hatsari ne ga rai. Duk wanda zai naɗe bututu ya fara yi masa fenti mai kyau, ya jera fallayen yadda na sama zai hau kan na ƙasa kamar rufin kwano, ya bar wurin da za a riƙa buɗewa ana dubawa.

Raba shi da injin da bango

Mu koma ɗakin famfon. Na ɗauki doguwar sukundireba, na dafa bakinta a jikin ƙarfe, na kara ƙotar a ƙashin bayan kunnena, ina bin layin. Bututun ya fito daga famfo, ya hau sama, an walda shi kai tsaye a jikin ƙarfen da ke riƙe da rufin kwano, sannan ya ratsa wani bango na falle. Da na ɗora tafin hannu a kan bangon, sai na ji yana kaɗawa kamar fatar ganga. Bututun igiya ce kawai, rufin da bangon su ne lasifika.

Maganin irin wannan shi ne katse hanya: mahaɗin roba mai lanƙwasa tsakanin famfo da bututu, maratayi mai roba ko sifirin a madadin walda, da barin rata inda bututu ya ratsa bango a cike ta da abu mai laushi. A cikin hanyoyin biyar ita ce ta fi araha idan aka kwatanta da abin da take bayarwa, kuma ita ce ta fi maganin gurnani ba tare da an taɓa injin ba.

Tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Jijjiga hanya biyu take bi, ta jikin ƙarfe da ta cikin ruwan. Chris Fuller da Frank Fahy na Jami'ar Southampton a Ingila sun nuna a 1982 yadda ƙarfin ke rabuwa tsakanin bangon bututu da ruwan cikinsa. Mahaɗin roba yana katse ta ƙarfe sosai, amma bugun da ke cikin ruwa yakan wuce, ya sake girgiza bututun a gwiwa ta gaba. In bugun ruwan ne ya fi yawa, sai an haɗa da 'yar tukunya mai jakar iska a ciki, wadda ke shanye bugun. Sannan roba tana yin tauri in matsi ya yi yawa, sandunan da ake ɗaure mahaɗin da su don kada ya buɗe suna zama gada in ba a sa musu wasar roba ba, rana da mai kuma suna tsofar da ita. A kan tururi mai zafi roba ba ta da wuri, sai mahaɗin ƙarfe mai lanƙwasa, wanda bai kai ta katsewa ba.

Gyara daga tushe

Wannan na fi so, ko da yake ita ce ta fi buƙatar tunani. In famfo yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, ba riga yake nema ba. Matsin da ke bakin shigarsa ne ya faɗi har ruwan yana yin kumfar tururi, kumfar tana fashewa a kan farfela tana ɓantarar ƙarfe. Naɗe shi tamkar toshe bakin majiyyaci ne. A duba ko matatar ta toshe, ko bututun tsotso ya yi ƙanƙanta ko tsawo, ko famfon ya yi nisa sama da ruwan. Ruwa mai ɗumi yana ƙara tsananta abin, haka ma tudu. A bakin teku iska tana iya tura ruwa sama mita 10.3, a Jos kuwa, mai tsayin kusan mita 1,200, an rasa fiye da mita ɗaya daga ciki. Famfon da ya zauna lafiya a Legas yana iya tari a Filato.

Ga iska da tururi, gudu shi ne komai. Ƙarar da ke tashi a gwiwa da bawul tana hawa da gudu cikin sauri mai ban tsoro, har ana kimanta cewa raba gudun biyu na iya rage desibel 18. Sauya bututun inci 4 da na inci 6 ya fi ninka hanyar biyu. Akwai kuma bawul mai ƙananan huji da yawa da ke sauke matsi mataki-mataki. Yana da tsada, amma yana hana ƙarar haihuwa, ba sai an bi ta da riga mita ɗari ba. In kuma "gwaf" kake ji duk lokacin da aka rufe bawul, wannan gudumar ruwa ce. Nikolai Zhukovsky ya yi lissafinta a Mosko a 1898: tsayar da ruwa mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa farat ɗaya cikin bututun ƙarfe yana ƙara matsi kusan bar 12, wato kamar ninki 12 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Maganinta rufewa a hankali.

In bututun cikin ruwa yake

Duk abin da na faɗa a sama na bututun da iska ta kewaye ne. In ruwa ne a waje, lissafi ya juye. Ruwa ya fi iska nauyi sau 800 da ɗoriya, sauti kuma yana gudun kusan mita 1,480 a daƙiƙa a cikinsa. Iska ba ta iya canza yadda ƙarfe ke rawa, ruwa kuwa yana iyawa. Bututun inci 4 mai kilo 16 yana ɗauke da ruwa kilo 8 a cikinsa, in an nutsar da shi kuma sai ya riƙa jan wani kilo 10 na waje duk inda ya motsa. Kaɗawar lanƙwasarsa takan sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya yi lissafin bututun tsotso a busasshe, ya manta da wannan, zai iya samun kansa daidai kan bugun famfo. Yawancin ilmin nan daga binciken jiragen yaƙi masu nitso ya fito, inda wani masani, Miguel Junger, ya yi aiki a kai tun farkon shekarun 1950.

A ƙarƙashin ruwa auduga ba ta da amfani, ta jiƙe ta zama ruwa. Ƙarin kauri ma tasirinsa kaɗan ne, domin ruwan ya riga ya fi ƙarfin nauyin da za ka ƙara. Abin da ke aiki shi ne iska: a iyakar ruwa da iska, kashi ɗaya cikin dubu ne kawai na ƙarfin sauti ke tsallakawa. Jamusawa sun yi amfani da wannan a Tekun Arewa, inda ake kafa manyan turakun ƙarfe masu faɗin mita da yawa don injinan wutar iska. Hukumominsu sun sa iyakar desibel 160 a nisan mita 750 don kare dabbobin teku masu dogaro da ji, kuma desibel na ruwa ba a kwatanta shi kai tsaye da na iska, ma'auninsu daban ne. Masu aikin sukan shimfiɗa tiyo mai huji a ƙasan teku kewaye da turken, su hura iska, kumfa ta tashi ta zama labule. Ga mai ƙaramin aiki, kwatankwacinsa shi ne roba mai rufaffun ƙwayoyin iska da aka liƙa a jikin bututun, muddin zurfin bai kai ya matse ta ba.

To wanne za a ɗauka?

Kafin ka kira mai sayar da kaya, sa manhajar auna sauti a wayarka, wadda ke nuna zanen kaɗawa. Ba za ta ba ka desibel na gaskiya ba, amma za ta nuna inda tsinin yake, kuma shi kake nema. In tsini ɗaya ne ƙasa da haz 500 wanda ya dace da zagayen injin ko bugun fukafukansa, bi layin da sukundireba ka nemo bangon da ke amshi, ka katse hanya. In shewa ce mai faɗi sama da haz 1,000 a bayan bawul, ka fara tambaya ko za a iya rage gudu ko sauya bawul ɗin, in ba hali ka naɗe da ajin B ko C, har da bawul ɗin da bakin haɗi. Siririn falle mai amo in an ƙwanƙwasa, liƙa masa na sanƙwame. Kauri kuwa ajiye shi sai ranar sabon zane. Ma'aunin da za ka sa a gaba shi ne desibel 85 na awa takwas a kunnen ma'aikaci, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin da ya halatta biyu: a 94 awa ɗaya ce kawai.

A masana'antar dattijon, mun cire rigar alminiyam daga layin ruwan sanyi, mun yanke waldar da ta haɗa bututun da ƙarfen rufi, muka kafa masa ginshiƙansa daga ƙasa da roba a ƙarƙashin kowane maɗauri, muka sa mahaɗin roba a bakin shiga da bakin fita, muka faɗaɗa ramin bangon da inci ɗaya. Audugar da muka cire ba a zubar ba. An ninka ta biyu, an sayo falle mai nauyi, an naɗe layin kwamfaresa da ita, inda shewa ce matsalar. Da na koma bayan sati biyu na tarar da yaron da ke kula da famfon zaune a kan benci a cikin ɗakin, yana amsa waya.